Gidan da Aka Kori Gishiri

Likitan cewa ya yi a rage wa Baba gishiri. Ina tsaye a ɗakin, da kunnena na ji, ko gaban alƙali aka kai ni zan maimaita: a rage. Amma kafin maganar ta sauko daga benen asibiti ta shiga motar Yaya, ta riga ta zama doka, wai gishiri ya bar gidanmu ke nan har abada.

Haka Yaya yake tun muna yara. In aka ce ya rufe ƙofa, guduma da ƙusa zai nemo. In aka ce ya ba shuka ruwa, sai saiwarta ta ruɓe. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Yana da shagon kayan gyaran mota, yana zaune tare da iyayenmu a gidan da aka haife mu, ni kuwa ina koyarwa a wata makarantar firamare can ƙarshen gari, sai Asabar nake leƙowa. Kada wani ya ce Yaya ba ya son Baba. Yana son sa, irin son nan mai shaƙe wuya. Ranar da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye, shi ya goya shi a baya ya fita da shi titi ba ko takalmi, yana ihu a tsayar da mota. Tun daga ranar ya ɗauki rayuwar Baba ya saka a aljihunsa, ba mai iya cewa uffan.

Muna isa gida ya wuce kicin kai tsaye. Ya kwaso gwangwanin gishirin Inna, ya haɗa da dunƙulen ɗanɗano, har da ɗan ƙullin da take ajiyewa bayan tukwane saboda ranar da ya ƙare ba shiri, ya juye su duka a kwata ya bi da ruwa. Inna, matar da take girki tun kafin a san za a haife shi, tana tsaye riƙe da ludayi tana kallo.

Na ce, "Yaya, ragewa fa aka ce."

Ya ce, "Abin da aka ce a rage, ai guba ne. Wa ya taɓa cin guba kaɗan? Ke dai ki yi shiru."

Daga nan miyar gidanmu ta koma ruwan zafi mai launi. Baba tela ne, ya yi shekaru a kan keke kafin ciwo ya sauke shi, kuma mutum ne da bai iya ƙorafi ba. In ka kawo masa yadi ka zage shi, zai ɗinka maka rigar ya ƙara maka aljihu. Sai ya zauna a kujerarsa ta tsakar gida yana tura abincin da hannunsa mai lafiya, loma bayan loma, kamar mai haɗiyar magani. Na tambaye shi, "Baba, ya miyar?" Ya yi ɗan murmushin nan nasa na gefe guda ya ce, "Tana da zafi, Auta. Zafinta ya yi daidai."

Abin da ya fi ƙona min rai, na gano shi ne wata rana da na biya shagon Yaya. Na same shi a bayan kanta ya tasa kwanon abinci daga gidan abincin da ke kusa, yana lasar yatsa, ga gorar ruwa mai sanyi tana zufa a gefensa. Ashe dokar a kan tsofaffi kawai ta faɗa. Shi da ya kafa ta da sassafe yake fita, sai yamma lis yake dawowa da cikinsa cike. Da na yi magana ya ce ai shi ba shi da hawan jini. Na ce Inna ma ba ta da shi. Ya ce in ina da abin saye in saya, in ba ni da shi ga hanya nan.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Sai ga maganar tanki.

Ruwan gidanmu na hukuma ne. Yakan zo da safe, ya hau tankin da ke kan rufin kicin, daga can ya sauko famfo. Duk wanda ya tashi da ruwan famfo ya san ɗan warin nan nasa na maganin da ake sawa, wanda ake kira kulorin. Muna yara har tsaki muke yi masa. Wata Asabar na buɗe famfon tsakar gida zan wanke hannu, na ji ba warin. A madadinsa wani ƙarni-ƙarni ne, kamar na kwalbar da aka manta da ruwa a ciki. Na ɗaga kai. Tankin a buɗe yake, ba murfi, tattabarun maƙwabcinmu sun jeru a bakinsa suna tsoma baki suna ɗagowa.

Yaya yana gida ranar, ya fito yana fara'a kamar wanda ya ci gasa. Wai ya ji wani mutum yana bayani a waya, cewa daga gishiri ake yin kulorin. Wannan kam gaskiya ne, daga baya na tabbatar. Amma ku ji inda kan Yaya ya kai ta: tunda daga gishiri ake yin sa, to ashe duk wannan wahalar da muke sha a kicin a banza ne, gishirin ya zagayo ta famfo yana shiga cikin Baba. Ya kuma lura in aka bar ruwa a buɗe, rana da iska suna kore warin. Shi ne ya hau ya cire murfin gaba ɗaya, ya kai shago ya ajiye, don kada wani mai kaifin baki ya mayar.

"Shaƙa ki ji," ya ce, yana miƙo min kofi. "Ruwa tsarkakakke. Ba sinadari ko ɗigo."

"Yaya, warin nan da ka kora shi ke kashe ƙwayoyin cuta. Dubi tsuntsayen can! Ka san abin da suke saki a ciki?"

"Tsuntsu halittar Allah ne. Sinadari fa? Ke malamar firamare ce ko likita?"

"To a dinga tafasawa."

Ya yi dariya har da dafa bango. "In ruwa ya tafasa ya ƙone, me kike gani fari a gindin tukunya? Gishiri! So kike ki tattara masa shi wuri guda?"

Mutum ya gina katanga da wautarsa, duk ƙofar da ka nufa ka tarar ya riga ya toshe. Na nemi tsani in hau in rufe tankin ko da faranti ne, na tarar ya ɗaure tsanin da sarƙa a jikin taga.

Da ya fita na durƙusa gaban Baba. Daga kujerarsa tankin yake kallo yini guda, ya fi kowa sanin abin da ke faruwa a can sama.

Ya ce, "Baƙinmu ne, kullum da hantsi suke zuwa shan ruwa."

"Baba, kai kaɗai zai ji maganarka. Ka ce ya mayar da murfin."

Ya daɗe yana murza gefen rigarsa da yatsu, yadda yake yi in yana duba ɗinki. Sannan ya ce, "Bar shi, Auta. Don ni yake yi. Tun ranar da ya goya ni yaron nan bai samu natsuwa ba. In na ce ya yi kuskure, ina zai sa kansa?"

Raina ya ɓaci, har da Baban. Mutum ya gwammace ya sha kashin tattabara da ya ɓata wa ɗansa rai! Inna kuwa ta ce ita ba ta shiga tsakanin uba da ɗa. Na sayo musu ruwan gora na jibge a ɗaki, na roƙi Inna ta dinga tafasa na famfo in Yaya ya fita. Ta ce to. Amma ruwan gora ƙarewa yake kafin mako ya zagayo, Inna kuma ga tsufa ga mantuwa, ga tsoron kada ya dawo ya tarar da tukunya a wuta.

Ana tsakiyar mako, ina cikin aji da rana, Inna ta kira. Ta ce ita ta fara gudawa, tata ta tsaya, amma ta Baba ta ƙi tsayawa kwana da kwanaki, yau kuma maganarsa ba ta kan hanya. Na ce me ya sa ba a gaya min ba? Ta ce Yaya ya ce kada a tayar min da hankali, yana kula da komai.

Ga yadda ya kula. Inna ta lallaɓa kyamis ta sayo ƙullin garin nan da ake kaɗawa a ruwa a ba mai gudawa. Yaya ya karɓa ya karanta bayansa, ya ga an rubuta gishiri da sukari, ya yage shi a kan kwata. Ya ce mai kyamis ɗin makashi ne. Maimakon haka ya sa aka dinga ɗura wa Baba ruwa zalla, kofi bayan kofi, daga wannan tankin dai. Kuma bai bari an tsallake ƙwayar hawan jinin Baba mai sa fitsari ba ko sau ɗaya, shi da kansa yake ba shi kafin ya fita.

Na tarar da Baba a kan gado, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun tsage. Ƙafarsa mai lafiya tana ɗaurewa yana nishi. Hannunsa na dama yana ta tafiya a kan bargo, yana tura yadin da babu shi a ƙarƙashin allurar da babu ita. Na ce, "Baba, ni ce." Ya dube ni ya ce in gaya wa mai rigar ya dawo gobe, bai gama wuyan ba. Ban jira kowa ba. Na fita na buga ƙofar maƙwabci, mai tattabarun nan dai, shi ya taimaka muka sa Baba a motarsa.

A asibiti wata nas ce ta karɓe mu, ƙatuwar mace mai tabarau rataye da igiya a wuya, ba ta da lokacin wasa. Ta ja fatar hannun Baba ta saki, fatar ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa. Aka ɗebi jini, aka rataya ledar ruwa, aka sa masa allura a jijiya. Da sakamako ya fito ta ce gishirin jininsa ya yi ƙasa sosai, shi ya rikita masa kai, kuma da mun ƙara jinkiri da wata maganar ake yi. Ta ce a hankali za a mayar masa, ba a gaggawa da irin wannan.

Ina zaune ina kallon ruwan yana ɗiga sai ga Yaya ya faɗo ɗakin, hannunsa duk baƙin mai, yana haki.

"Wa ya ce a kawo shi ba da sanina ba? Mene ne wannan ake sa masa?"

Nas ɗin tana rubutu, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ruwan gishiri."

Na ga fuskar Yaya ta canza. "Gishiri? A jijiya? Likita ya hana shi gishiri!" Ya yi tsalle ɗaya ya kai hannu kan ɗan abin matsewa da ke jikin robar ƙarin ruwan, zai tsayar da ruwan.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na doke hannunsa da duk ƙarfina, har ƙarar ta sa mai jinyar gadon kusa ta juyo. Tunda aka haife ni ban taɓa ko ɗaga masa murya sosai ba, ranar kuwa na tsaya tsakaninsa da gadon.

Na ce, "Ka taɓa robar nan ka gani! Ka kori gishiri, ka kori maganin ruwa, ka kori na kyamis, saura me? Shi za ka kora? Kai kana can kana lasar yatsa kana shan ruwan gora, ka bar tsoho da ruwan tattabaru!"

Nas ta sa tabaraunta ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "Malam, jikin mutum ba ya aiki ba gishiri. Yawansa ne matsala ga mai hawan jini, rashinsa kuma ga shi nan kwance kana gani. Gudawa ta kwashe na jikinsa, kun bi shi da ruwa zalla kun wanke sauran. Maganin ruwa kuwa, don an yi shi daga gishiri ba shi ya mai da shi gishirin miya ba. Ɗan abin da ake sawa ba ya taɓa hawan jini, ƙwayoyin cuta yake kashewa. Fita waje ka ba mu wuri."

Likitan da ya fara ganin Baba ya zo zagaye da yamma. Da ya ji labari ya buɗe baki ya ce, "Wa ya ce a hana? Ragewa na ce." Shi ma na ji haushinsa. Ya jefa wa mutane kalma biyu yana kallon ƙofa, bai faɗi ko cokali nawa ba, bai tambayi wane irin gida maganar za ta shiga ba. Amma ƙarfina ya riga ya ƙare a kan Yaya.

Shi kuwa Yaya a barandar asibitin ya zauna a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Kafin a sallame mu nas ɗin ta kira shi ta yi masa bayani dalla-dalla: a wanke tanki, a mayar da murfi, a sa maganin ruwa gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalba, abinci kuma a sa gishiri kaɗan. Yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Na ce a raina, to, Allah ya sa an yi hankali.

Baba ya farfaɗo. Ya gane ni, ya gane Inna, ya tambayi wa ke ba kajinta hatsi. Ranar da aka sallame mu Yaya bai zo ɗaukarmu ba, ya aiko cewa yana gida yana shiri.

Tun daga bakin ƙofa warin ya tare mu. Ido na yaji, maƙogwaro na ƙaiƙayi, kamar an shiga ɗakin wankin asibiti. A gindin tsani ga kwalaben maganin ruwa nan zube, duk babu komai a ciki, tuli guda. Murfin tanki ya koma, an naɗe shi da sarƙa an datse da kwaɗo. A ƙofar kicin kuma, inda Inna za ta yi tuntuɓe da shi, buhun gishiri ne sukutum, irin wanda masu gidan burodi ke saya.

Inna ta ce, "Innalillahi," ta toshe hanci da gefen mayafi.

Muka zaunar da Baba a kujerarsa. Yaya ya fito daga kicin da sabon kofi a kan faranti, ya sa riga mai tsabta, idanunsa jajir, ban sani ba ko kuka ne ko maganin. Ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ga ruwa. Na gyara. Yanzu ko ƙwayar cuta ɗaya ba ta isa ta rayu a gidan nan ba."

Baba ya karɓa da hannunsa mai lafiya. Na ga hancinsa ya motsa, na ga ƙwalla ta taru a idonsa saboda yajin. Ya dubi ruwan, ya dubi ɗansa da ke durƙushe yana jira. Sai ya yi murmushin nan na gefe guda, ya ɗaga kofin zuwa baki. Zai sha. Mutumin da ya dawo daga bakin kabari, zai sha don kada ran yaronsa ya ɓaci.

Na riƙe kofin kafin ya taɓa leɓensa. Ban fizge ba, a hankali na zare shi daga yatsunsa, na juya na miƙa wa Yaya.

"Kai fara sha."

"Auta, wace irin..."

"Tunda aka fara wannan abin ba ka taɓa cin abin da ka ba shi ba, ba ka taɓa shan abin da ka ba shi ba. Yau kai za ka fara. Sha, Yaya."

Ya dubi Inna, Inna ta kau da kai. Ya karɓa da fushi, don ya nuna min, ya kurɓa babba. Bai kai ga haɗiyewa duka ba ya furzar, ya sarƙe, ya kama tari har ya dafa ƙasa da hannu biyu, hawaye da majina suna zuba. Kofin ya gangara ƙarƙashin kujera.

Baba ya sunkuyo da ƙyar, ya miƙa hannun nan guda da ya rage masa, yana bubbuga bayan Yaya.

"Sannu. Sannu, ɗan nan. Auta, samo masa ruwan kirki."

Na tsaya ina kallonsu, haushi ya cika ni har wuya, kuma ga kuka yana neman ƙwace min. Na ɗauko gorar da na taho da ita daga asibiti na dangwarar a gabansa. Ya sha, ya goge fuska da hannun riga. Ya daɗe a durƙushe yana kallon tulin kwalaben da buhun gishirin, hannun Baba na kan bayansa har lokacin.

Can ya laluba aljihu ya ciro makullin kwaɗon tanki, ya ajiye a ƙasa kusa da ƙafata. Bai ɗago ba. Da wata murya da ban san shi da ita ba ya ce, "Auta, nawa aka ce a sa?"